Yayan Matata Ya Taɓa Waya, Ni Aka Dakatar

Kawu, don girman Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini.

Ni mai gyaran na'urori ne a wani kamfanin sabulu, shekara tara ke nan. Watan jiya tankin ruwan soda mai cin fata ya cika ya tumbatsa, alhali allon ɗakin kula da injuna yana nuna kashi uku cikin huɗu. Allah ya tsare babu kowa a ƙasa. Ni aka dakatar mako biyu, wai ban iya saita na'urar auna cikar tanki ba. Gaskiya masu aiki sun taɓa yin ƙorafi, har sau biyu na canza ta. A kan teburina lafiya lau take aiki, shi ya sa na sa hannu.

Da na dawo sai na hau tankin da mitata ta auna wuta. Ita na'urar auna cikar tankin ba ta da wayar wuta tata daban. Wayoyi biyun da take aika labari ta cikinsu, su ne kuma ke ciyar da ita, kuma duk abin da aka ɗora a kan layin sai ya ci rabonsa. Volt ashirin da huɗu ke fitowa, ita tana buƙatar sha biyu. Tanki babu komai na auna ashirin da ɗaya. Yana cika wutar na zubewa, da ya kai kashi uku cikin huɗu sai ta gaza sha biyu, na'ura ta ƙame a nan kamar jaki mai gardama.

Na bi wayar taku-taku, sai ga ta ta ratsa ofishin injiniyanmu. Ashe ya yanka layin ya ɗora ƙaramin allo da na'urar ajiye bayanai, don ya riƙa ganin cikar tanki yana zaune ƙarƙashin fanka. Ko a zanen wayoyin kamfani bai sa ba. Kawu, injiniyan nan yayan matata ne! Ranar da ake tuhumata yana gefen manaja yana juya biro, bai ambaci allonsa ba. Da yamma ma har gida ya zo, ya ɗora 'yata a cinya yana mini nasiha a kan kula da aiki.

To, ya yi wa tanki na biyu irin wannan haɗin, kuma an karɓe shi daga hannuna an damƙa masa. Mako mai zuwa za a cika shi. So nake in ja bakina in tsuke, in koma gefe in harɗe hannu, ya tumbatsa a kansa, in ga yadda zai juya biron. Matata ba ta san komai ba. Na yi laifi?

Wanda Aka Shafa Wa Baƙin Fenti

Ɗana, an cuce ka, kuma fushinka yana kan hanya. Amma ka ɗauki naka kason: sau biyu ka canza na'ura ba ka auna wutar da ke isa gare ta tanki na cike ba. Shi kuma yayan naku, mai yiwuwa har yanzu bai san allonsa ne ya jawo ba. Ɓoye haɗin da yin shiru dai laifinsa ne, ba ni wanke shi.

Gobe da safe ka same shi shi kaɗai, ka nuna masa abin da ka auna, ka ba shi zuwa azahar ya kai kansa wurin manaja. Ko ya je ko bai je ba, ka miƙa rahoto a rubuce, ka riƙe kwafi. Ka nemi a gwada a gaban kowa: a tura layin zuwa ƙarshen awonsa kamar tanki ya cika, a auna wuta a bakin na'ura da allon a haɗe, a cire shi a sake aunawa. Idan yana son allonsa, a ba shi wuta daban. Ka kuma nemi a cire takardar dakatarwa daga fayil ɗinka. Ramuwar da za ta wanke sunanka ke nan. Matarka kuwa ta ji daga bakinka kafin ta ji a gidansu.

Shirun nan ka bar shi. Ruwan soda ba zai bi shi ofis ba, a kan mai buɗe famfo a gindin tanki zai sauka, ya cinye masa fata da idanu. Ranar nan ba za a tambayi wanda ya yanka waya ba kawai, za a tambayi wanda ya sani, kuma kai ne. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya mayar maka da mutuncinka.

Kawu