Gatarin Kuregen Baba

Lahadi, 8 Afrilu 1984
Fadama ta bushe ƙayau, shekara ta biyu ke nan. Ni da ƙanena Sabo mun tono tsiron gatarin kuregen nan da marigayi Baba yake duba damina da shi, mun raba saiwar biyu. Kamar ƙananan dankali. Na wanke tawa tas, na sa a tukunya da taki. Sabo ya kwashi tasa da ƙasarta a buhu, ya binne ta a gindin ɗinya, ya rufe da ciyawa. Jahilci dai.

Alhamis, 19 Afrilu
Kullum ina ba ta ruwa, duk da mitar matata Hure. Shiru.

Juma'a, 27 Afrilu
Ta Sabo ta yi fure! Kara ɗaya ya kai ƙugu, ba ganye ko ɗaya, furanni ruwan hoda reras, leɓen kowanne da duhu. Bayan masallaci dattawa suka zarce gidansa. Na ji wani yana cewa, "Sabo ne ya gaji Malam," wato Baba. Ni ne babba fa. Ni nake koyar da kimiyya a firamare. Wallahi abin ya ci mini rai, ko tuwo ban iya ci ba.

Laraba, 9 Mayu
Na tona tawa. Ta ruɓe, har wari. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 22 Mayu
An yi yayyafi. Sabo ya leƙo: "Yaya, kada ka shuka. Baba ya ce sai ta fitar da ganye." Na ce ciyawa ba za ta koya mini noma ba. Na shuka irin geron da ya rage mana, kwano biyu, gaba ɗaya.

Litinin, 4 Yuni
Ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ba sauran iri a gidan nan. Yara biyar.

Talata, 12 Yuni
Tasa ta yi ganye, jiya aka kwarara ruwa. Da safe na tarar da kwanon iri a zaure, da saiwa ɗaya cikin dunƙulen ƙasa. Sabo bai jira na fito ba, don kada na gode masa, ko don kada na ƙi. Har yanzu ina jin haushinsa. Na shuka geron. Saiwar kuwa tana gindin tsamiya. Ban wanke ta ba.