Man Kaɗanya Ya Jefa Ni Cikin Cinikin Ɗan Wasa

Assalamu alaikum jama'ar ƙungiya. Malam Sakatare, in za ka karanta takardar nan a zaman Juma'a ka ɓoye sunana, duk da na san tsoho ɗaya ne a Riyad ke yawo da jakar bandeji, waɗanda suka gane ni su yi dariyarsu a ciki. Rubutun ma ku yi haƙuri da shi, wata uku kawai na yi a ajin yaƙi da jahilci malamin ya gaji da ni. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan ko shayi a tsaye nake sha.

Ni dai aikina a wani kulob ne na ƙwallon kwando nan wajen Malaz, wankin riguna, ɗauko ƙanƙara, goge fili, kafin nan dako nake yi a kasuwar Aziziya. Akwai wani ɗan wasanmu, mu kira shi Dogo, jikan Hausawa ne haifaffen nan, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba, amma Ammi yake ce mini, wato baffa, yana girmama ni ƙwarai. Shekara biyu da suka wuce ya faɗi a kan gwiwarsa ta hagu ana dab da wasa, yana zaune yana cije leɓe, ni kuma da shegen karambani na ɗauko man kaɗanyar da nake shafa wa fasona, na barbaɗa garin citta da kanumfari, na hau murza masa ina motsa baki. Wallahi ba abin da nake karantawa, sunayen ƙauyukanmu nake jerowa. Ranar ya yi wasa kamar ba shi ba, muka ci. Da ya tambaye ni wane magani ne, bakina ya riga hankalina, na ce gadon kakana ne sarkin ɗori, ba a faɗin sirrinsa. Kakana kuwa dillalin jakuna ne.

Tun daga nan ba ya shiga fili sai na murza. Mudir, wato shugaban kulob kuma kafilina, ubangidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, ya koma kirana daktur. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, har a kaset ɗin da na aika gida na shaida wa iyali na zama likitan 'yan wasa.

To makon jiya Mudir ya kira ni ofis. Ashe wani kulob ne na Dammam ke son Dogo, za su ba da 'yan wasa biyu a madadinsa, ɗaya gajere mai raba ƙwallo wanda mu ba mu da irinsa, ɗaya kuma sabon tashi. Kowa ya yarda, sai Dogo ya kafe ba zai sa hannu ba sai an tafi da Amminsa. Su kuma suka ce mafi mushkila, wato ba matsala, za su karɓi kafalata su zama iyayen gidana, igamata, takardar izinin zama, ta koma hannunsu. Wato ni da furfurata an ɗora ni a kan ciniki kamar gyaran da ake yi wa mai sayen tumatir.

In ka duba, cinikin ba laifi. A nan sabon koci ya fara ajiye Dogo a benci, wai ya yi nauyi wajen komawa tsaron gida, can kuwa a kansa za a gina wasa, za su ba shi gida, ga matarsa 'yar can ce, iyayenta na kusa. Kulob ɗinmu zai samu abin da ya rasa. Ni ma an ce ɗaki ni kaɗai, da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kuma na rabu da wanki. Amma can ba su da wani dogon sai shi, duk wasa daga farko har ƙarshe yana fili. Gwiwar nan kuwa ni ke taɓa ta kullum, na san abin da hannuna yake ji. Tana kumbura bayan wasa, in na lanƙwasa ta tana ƙara kamar an taka busasshen kara, kwanan nan in ya sauko daga tsalle sai na ga ya ɗan dakata kafin ya ruga. Bencin da yake jin haushi shi ne yake rufa masa asiri.

Abin da ya fi ci mini rai, mutanen Dammam sun so likitansu ya duba shi, Mudir ya nuna ni ya ce ga daktur ɗinsa nan, shekara biyu bai fasa wasa ko ɗaya ba. Suka juyo suka tambaye ni, na gyara hula na ce lafiya lau.

Daga baya na je wurin wani likita ɗan ƙasarmu, na ce wani abokina ne ke fama da gwiwa iri kaza. Ya bar ni na gama ya ce, "Baba, abokin nan naka da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofa, ka kai shi a ɗauki hoto. In abin da nake zato ne, aiki take so da hutun watanni. In aka ci gaba da murza ta ana tura shi fili, wata rana zai faɗi, shi da wasa kuma har abada." Na tambaye shi ko man kaɗanya na ɗan taimakawa, ya ce sosai ma, fatar wurin za ta yi laushi.

Jiya bayan atisaye ina murza masa na fara kewaye-kewaye, na ce ko mu leƙa asibiti a ɗauki hoto don dai a gani. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ammi, likitoci yanka suka sani. Ni hannunka na yarda da shi." Sai na ƙara citta na ci gaba da murza.

Na ma yi tunanin in ce masa kakana ya zo mini a mafarki ya ce maganin ba zai ƙara ci ba sai an ɗauki hoto, na san zai yarda, amma da hoton ya fito dole a tambayi daktur inda idonsa yake shekara biyu. In na faɗi gaskiya ciniki ya rushe, Mudir ya ji kunya a gaban baƙi, fasfona kuma yana aljihun teburinsa, ba wuya ya buga mini huruj, fita ba dawowa, Dogo ya koma benci ko ma a sallame shi, ya daina kallon inda nake. In na yi shiru, in bi shi Dammam da gwangwanina ina jiran ranar da zai faɗi. 'Ya'yansa biyu, ba wata sana'a a hannunsa sai wannan ƙwallon.

Ranar Asabar da safe za a sa hannu. Ku likitoci da malamai da ke zaune a nan, ku gaya mini, in same shi shi kaɗai in zazzage masa komai ya zaɓa da kansa, ko in bari a sa hannu, in mun isa can in lallaɓa shi zuwa asibiti? Wanda ya ce in faɗi gaskiya don Allah ya haɗa mini da yadda ake fara ta, don sau uku ina gwadawa, da na buɗe baki sai in ji na ce masa miƙo ƙafar.