Ni Ma Binne Na Yi

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Guci?

Ni lafiya lau nake a Faransa. Sanyi ne kawai ya sa mini tari, amma kada ka gaya wa Inna.

Ka tambaye ni yaushe za a san ko aikina daidai ne. Baba, akwai baƙin rami a sararin samaniya mai haɗiye haske, yana juyawa kamar mazari. Na lissafa yadda inuwarsa za ta karkace in ƙarfin da ke jawo abu ƙasa ya saɓa da abin da aka koya mana a makarantar lakkwal. Na'urar da za ta tabbatar ba a ƙera ta ba tukuna. Wataƙila sai na yi furfura.

Abin ya dame ni, har Yaya Shafi'u ya turo mini hotonka kana binne gero a busasshiyar ƙasa, ko gajimare babu. Tun ranar hankalina ya kwanta.

A aiko mini da kuka. In iri ya rage, ka binne mini layi ɗaya a gindin gawo.

Allah ya kawo ruwa, a kan naka da nawa.

'Yarka,
Rukayya