Galib Ya Ƙi Fita Daga Takalmin Kawu

Laraba, bayan isha'i.

Yau da hannuna na farke takalmin Kawu Bello.

Galib ɗin da na sayo a garin Sinja ne ya jawo, ƙafar katakon nan da ake ɗinka takalmi a kanta, mai gaɓar ƙarfe a tsakiya. In ka gama ɗinki ka danna diddige, sai ta lanƙwashe ta fito salin alin. Na yi ta yabonta gaban Baba har ya daina amsa mini.

Amma aikin na yi shi yadda Baba ya koya mini a kan tsohon galib ɗinsa marar gaɓa. Na jiƙa fata sharkaf, na ja ta a kan sabon, na bar ta kwana huɗu ta ɗauki siffa. Ashe ruwan ya shiga gaɓar, ta yi tsatsa. Na zuba man riɗi, na danna har hannuna ya yi ja, ko motsi.

Kawu ya zo da la'asar. Jibi ɗaurin auren ɗansa a garin Suki. Ya duba ya ce, "Ɗana, da katakon zan sa?" Dariya ya yi, ni kuwa wuƙa na ɗauka na farke takalmin na ciro galib ɗin.

Baba ya karɓi galib ɗin, ya daɗe yana shafa gaɓar da yatsa. Ya ce, "Ka tambayi mai sayarwa abin da take yi. Ba ka tambaye shi abin da ba ta so ba."

Sai ya tashi ya sauko da nasa daga ƙusa, ya ajiye gefena, ya tafi masallaci.

Da ma faɗa ya yi mini.