Sai An Gama

Litinin, 3 ga Maris

Kwamitin ilimi na majalisa ya ɗage sauraron ra'ayin jama'a kan darasin sanin jiki zuwa 19 ga wata. Haka na rubuta, haka aka karanta a labaran rana. Abin da bai shiga labarai ba shi ne Auta, ƙanwata, za ta ci gaba da zama gidan Gwaggo.

Ita ke jagorantar 'yan matan da ke neman a sa darasin a makarantu: balaga, al'ada, irin taɓin da bai dace ba, da wanda yarinya za ta gaya wa idan an yi mata. Ni kuma editar labarai ce a gidan rediyo. Watan jiya shugaban ƙungiyar iyaye ya faɗa a shirinmu, kai tsaye, cewa ni nake rubuta mata abin da take faɗa. Washegari ta haɗa kayanta. Ta ce, "Yaya, sai an gama. Kar a ɓata miki aiki, kar a raina mana namu. Ko waya kar mu yi." Na ce tsari ne mai kyau. Har ninkin kaya na taya ta.

Har yanzu ina ganin tsari ne mai kyau.

Laraba, 5 ga Maris

Na sake dafa abincin mutum biyu.

Alhamis, 6 ga Maris

Wakiliyarmu ta kawo hirar da ta yi da Auta. Aikina in rage ta: a cire tari, a cire "eh to", a cire dogon numfashi. Na sa iyafis, sai ga ta a cikin kunnena kamar tana zaune a gefen gado.

Ta ce, "Da aka zo wannan babin, malaminmu ya ce mu karanta a gida. A gida aka ce wa ƙawata ta tambaya a makaranta. Ta daɗe tana ɓoye zanenta, tana zaton ciwon ajali ne ya kama ta." Sai ta ja numfashi ta hanci, irin wanda take ja tun tana ƙarama idan ta fasa kofi. "Ni na yi sa'a, ina da yaya. Wadda ba ta da yaya fa?"

Na tuna ranar da abin ya fara zuwa mata. Umma ba ta daɗe da rasuwa ba. Na zaunar da ita na yi mata bayani tiryan-tiryan, me ya faru, me ya sa, me zai biyo baya. Da na gama ta ce, "Yaya, ƙarshen labaran ke nan daga ɗakin watsa shirye-shiryenmu?" Muka yi dariya har ta manta tana kuka.

Na yanke jimlar yaya. Idan ta fita, shugaban iyayen nan ya samu abin riƙewa. Na yanke numfashin ma. Ban goge su ba, na ajiye a wani fayil. Injiniya ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Edita, iska kike tarawa? Ko za ki fara sayar wa masu faci?"

Litinin, 10 ga Maris

Gardama a taron safe kan suna. Manaja yana so mu ce "ilimin jima'i", wai ya fi jan kunne. Na ce wannan sunan masu adawa ne, kuma duk uban da ya ji shi ya gama yanke hukunci kafin a kai ƙarshen jimla. Ya ce "darasin sanin jiki" ma ai sunan su Auta ne. Gaskiyarsa. Muka tsaya a kan "darasin da ake taƙaddama a kai". Suna ne marar daɗi, ba ya gaya wa kowa komai.

A shirin rana wani tela ya bugo waya, muryarsa a kwance. Ya ce, "Ni ba na ƙin 'yata ta sani. Wa zai koya mata, shi nake tambaya. Na san malamin?" Da muka maimaita maganarsa a labarai, ban taɓa masa ko harafi ba. Na so in kira Auta in ce, bar masu ihu, wannan za ki amsa wa. Na ɗauki wayar, na duba lokaci a jikinta, na ajiye.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gan ta. Ina cikin mota a danja, ita tana tsallake titi da 'yan mata a bayanta, kowacce da kwali a hammata. Tana tafiya tana magana da baya-baya, kamar kullum, ba ta kallon gabanta. Rigata mai ruwan toka ce a jikinta, wadda na birkita ɗaki ina nema. Ta yi mata yawa a kafaɗa. A da ba ta yi mata yawa.

Aka ba mu hannu, direba ya ja.

Asabar, 15 ga Maris

Gwaggo ta kira. Gaisuwa ma a tsaitsaye.

"Ke da ƙanwarki ban san wanda ya fi wani taurin kai ba. Gari ɗaya, sai a rediyo kuke gaisawa."

Na ce ƙa'idar aiki ce.

"Ƙa'idar ce za ta yi miki jinya ran da kika kwanta?"

Ta ce Auta a tsaye take cin abinci. Ta ce ana turo mata zagi a waya, wani har da sunan marigayiya, tana karantawa ta kife wayar ta ci gaba da aiki. Amma da an fara kiɗan labarai sai kowa ya yi shiru a gidan. Ran da aka sa hirarta wai ta ce, "Yaya ta yanke ni daidai inda na san za ta yanke."

Ban san yabo ba ne ko ƙorafi.

Sai da za mu yi sallama ta ce, kamar abin da ba komai ba, wata ƙungiya a wani gari mai nisa tana neman Auta ta je horar da malamai mata, shekara guda. Suna so ta fara da zarar an yi zaman kwamiti. Na ce dama ce babba. Gwaggo ta ce, "Wallahi ke dai."

Lahadi, 16 ga Maris

Na fahimci ban taɓa tambayar me "an gama" ke nufi ba. Ni da nake kora wakilai su koma su tambayi yaushe.

Laraba, 19 ga Maris

Na miƙa wa mataimakina teburin labarai. Na ce wa Manaja ina da uzuri na gida. Ya cire tabarau ya ce, "Ke?"

Ban zauna layin 'yan jarida ba. Na zauna can baya cikin iyaye, ba rakoda, ba biro. Hannuna ya rasa abin yi.

Auta ta yi magana bayan shugaban iyaye. Ta ce ta ji tambayar wani uba a rediyo, kuma tambaya ce ta gaskiya: mace za ta koyar da mata, sai wadda aka horar, kuma iyaye za su ga littafin kafin yara su gani. Ba wanda ya rubuta mata wannan. Ni dai na san ban rubuta ba.

Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni. "Yarinyar nan 'yar wa ce?"

Na ce, "Ƙanwata ce." Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa. Layi biyu suka waigo.

Kwamiti bai yanke komai ba, ya ce zai yi nazari. Bai sa rana ba. A bakin ƙofa 'yan jarida suka rufe ta, ban kutsa ba. Ina jin ta hango ni. Ban tabbata ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Na kira ta. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ƙila tana taro.

Na share ɗakinta, na canza zanen gado. Dama yana buƙatar shara.

Gwaggo ta ce ta ji Auta tana gaya wa mai tasi ya zo gobe da safe, kuma ya buɗe but ɗin motar saboda kaya. Ba ta ji inda aka ce ya kai ta ba, tasha ko nan.