Rasuwar Mama Dokas Katung, da Burodin da Ake Zuba Mata a Fadama

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Raya Fadama ta Abbey Wood tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu, shugabarmu ta farko, Uwar Zumuntar Mata, Dattijuwa Mama Dokas Bernard Katung, wadda Ubangiji ya kira gida bayan gajeruwar jinya.

Duk wanda ya san bayan park ɗinmu a da ya san ba fadama ba ce, juji ne, daga tsofaffin tayoyi sai trolley na shago sai katifar da wani mara tsoron Allah ya jefar. Mama ce, bayan ta tashi daga aikin kula da tsofaffi ƙafafunta a kumbure, take saka wellies, dogayen takalman robar nan, ta shiga laka har gwiwa, ita ta yi ta sintiri a council, wato ƙaramar hukuma, har suka ba mu izinin gyara wurin, ita ta koya mana dasa ciyawar ruwa, tana mana dariya wai mun zo London mun zama 'yan gayu, ko tsutsa muka gani sai ihu. Burinta ɗaya ne, ɗan tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da ke tasowa daga can wajenmu Afirka ya zo ya yi sheƙa a nan. Ɗan garinmu take ce masa, wai shi kaɗai ne ke shigowa ƙasar nan ba visa. Bana ya zo. Ta ga sheƙar da idonta kafin a kwantar da ita a asibiti, ta cika mana group da voice note har wayata ta yi zafi.

To a nan ne ƙungiya take so ta yi magana, kuma ku yi haƙuri, ranmu a ɓace yake. Tun da aka yi rasuwar wani ya yi posting cewa Mama tana son tsuntsaye, don haka a kai musu sadaka da sunanta, shi ke nan jama'a suka fara zuwa da ledojin burodi, da ragowar jollof ɗin zaman makoki, har da kwanon tuwo mun gani, ana juyewa a ruwa ana ɗaukar video ana hawaye. Mun san da kyakkyawar niyya kuka yi, haka muka taso, in an yi rashi a ciyar. Amma haba jama'a, matar da ta shekara da shekaru tana bin mutane tana roƙo kada a zuba burodi a ruwan nan, ita za ku yi wa haka? Ruwan ya fara wari, ɓeraye sun dawo manya-manya, kuma jiya mun tarar sun fasa sheƙa ɗaya cikin biyun da tsuntsayen suka yi, sun shanye ƙwan. Saura ɗaya, wadda Mama ta gani.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mijinta Baba Bernard Katung, da 'ya'yanta Zion da Marvellous, da dukan dangi na nan da na gida Kagoro, Allah ya ta'azantar da ku, ya ba ku ƙarfin ɗaukar wannan rashi, ya sa ta huta cikin salama.

Mai son ciyarwa da sunanta ya kai food bank, inda ake raba abinci kyauta, akwai masu buƙata. Mai son yi mata wani abu a fadama ya zo ranar Asabar da safar hannu da bin bag, wato ledar shara, mu kwashe abin da aka zuba, kuma don Allah a yi magana ƙasa-ƙasa, tsuntsuwar tana kan ƙwai. Baba Bernard ya ce zai zo, ya riga ya gwada wellies ɗinta, sun matse shi amma ya ce haka zai shiga.

Sa hannu,
Tina Mailafiya
Kakakin Ƙungiyar Masu Raya Fadama, Abbey Wood, London