Sun fi son a ce karuwa ya ajiye a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi ƙyamar dangin mijina ta cika min ciki.

Ni 'yar Matameye ce, 'ya'yanmu uku. Maigidana shekara da shekaru yana zuwa Kano cin rani, dako yake a kasuwa, can ya koyo shan ƙwayar tiramol wai don ƙarfin aiki. In ya dawo da damina ba ya cin abinci, ba ya wanka, yawu na zuba yana gyangyaɗi a kan tabarma, yaro ya yi motsi ya kai masa mari. Ni ke wanke amai, ni ke rufa asiri. Mahaifiyarsa Hajiya ta ce sammu ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi, ya bari sati biyu ya koma.

Ranar da ya faɗi yana kakkafewa a gaban yara, majon asibitin garinmu, wato babban ma'aikacin jinya, ya tura mu Damagaram. Bayan likita ya gama nasa, aka haɗa shi da wata sikolog, wato masaniyar halayyar ɗan Adam, Madam muke ce mata. Ba allura ba ƙwaya, zama ne da magana, ni kaina da farko na raina abin. Amma ita ta sa ya gane lokutan da sha'awar ke taso masa, in ya gaji, in an ɓata masa rai, in ya haɗu da abokan dako. Ta koya masa ya faɗa wa wani tun kafin ƙafarsa ta kai shi wurin mai sayarwa. Sau ɗaya ya koma ya sha, ba ta zage shi ba, suka zauna suka duba inda aka samu ɓaraka. Bana bai je Kano ba, lambun rake ya kama a garin Tsauni, ya yi ƙiba, har karatun lakwal, wato boko, yake tambayar yara.

To ga inda matsalar take. Ya roƙe ni kada danginsa su san zancen ƙwayar. Wata rana ƙanwarsa ta ji shi a waya yana cewa yana da randebu, wato alƙawarin haɗuwa, da Madam a Damagaram. Kun san mutanenmu, da an ce randebu shi ke nan, mace ce. Kafin la'asar gida ya ɗauka. Abin da ya tayar min da zuciya, murna suka yi! Yayansa na dafa masa kafaɗa wai ashe namiji ne, Hajiya na dariya wai lafiya ta samu tunda har ya fara leƙe-leƙe, rubutun Malam ya ci. Matan gida suna min kallon tausayi. Na haɗiye, tunda na san inda yake zuwa.

Sai wani direban taksi ya zo ya ce ya gan shi a layin masu ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ku zo ku ga tashin hankali. Mutanen da suka yi shewa da zargin zina, su ne suka kama salati. Hajiya ta ce a zuriyarsu babu mahaukaci, ni na kai shi don in zubar musu da mutunci, ta rantse in ya sake taka wurin ba ta yafe masa nononta ba. Tir! Ko gaisuwa in na durƙusa yi mata sai na ji kamar in tofar da yawu.

Randebun da ya wuce bai je ba. Jiya ya dawo daga kasuwa, ya ce min: Maman Nana, na daɗe tsaye a gaban mai tallan magani, ban saya ba, amma ban san gobe ba. Ya faɗa min ne don haka aka koya masa.

Alhamis mai zuwa Madam na jiransa. In zuga shi ya tafi a ɓoye ya ɗauki bakin uwarsa? Ko in je gaban Hajiya in fasa sirrin da ya damƙa min, ta ji da kunnenta abin da ɗanta ya sha? Ku faɗa min wanne zan yi, don in ya koma wa ƙwayar nan, ni da yarana ne za mu kwana ɗaki ɗaya da shi, ba su ba.